Shekarar da Kotu Ta Hana Ni Yaɓe

Abin nan ya faru ne a shekarar da soja suka ce sun gaji, za su miƙa wa farar hula mulki. In kuna son ku gane lokacin sosai, an daɗe da canja hannun tuƙi, mun kuma saba da naira har yara sun fara manta sunan sule. A cikin gida kuwa, damina biyu ke nan da rasuwar babanku Malam Modu, damina ɗaya da na tattaro ku na dawo gidan ubana a Koki. Habiba tana famfarar haƙori, Kyari bai kai izu goma ba. Na sa a rubuta wannan ne domin na gaji da abin da kuke faɗa in kun zaci barci nake yi, wai Iya ce ta rushe ɗakin kakanku da taurin kai. Ba ku je kotun ba, ba ku zauna a kan bencin ba. To ku saurara, ku ji daga bakin wadda ta zauna.

Ɗakin soro ne, ginin ƙasa. Ubana Malam Kyari ya gina shi tun yana kawo kanwa daga Barno, tun kafin a haife ni. Rufin azara ne, da baka biyu, ginshiƙai masu lanƙwasa, da suka haɗu a tsakiya, kuma ko ranar da zafi ya hana kaji fitowa, in ka shiga sai ka ji kamar ka sa ƙafa a randa. A ciki aka haife ni, a ciki uwata ta cika. Da aka raba gado shi ya zama rabona, ƙanena Bukar ya sami zaure da ɗakunan gaba. Bangon baya na ɗakin nan shi ne katangar da ta raba mu da maƙwabta. Ku da kuka tashi cikin bulo da siminti ba ku san ginin ƙasa ba. Abu ne mai rai, yana son a duba shi. Kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, sai an kwaɓa ƙasa da ciyawa an yi masa yaɓe, an shafa makuba a sama don ruwa ya zame. In ka tsallake shekara ɗaya zai yi haƙuri. In ka tsallake biyu, kai da shi sai abin da Allah ya yi. Kuma a unguwarmu ba a tambayar takarda a kan katanga. Wanda yake yaɓe ta, shi ne mai ita, kowa ya san haka. Da yake bayan bangona yana cikin gidan maƙwabta, abin da aka saba tun zamanin ubana shi ne a aika musu tun jajibere, matan gidan su shige ɗaka, Tanko magini ya shiga da tsaninsa ya yi aikinsa, ni kuma in aika musu da fura da goro. Haka ake yi, ba a taɓa jin kanmu ba, har tsohon mai gidan ya rasu magada suka sayar wa Alhaji Mamuda, mai sayar da yadi a Ƙofar Wambai.

Bazarar shekarar, na aika kamar kullum. Washegari da hantsi sai ga Tanko ya dawo da tsani a kafaɗa, ƙasar da ya kwaɓa tana bushewa a ƙofar gida.

"Yagana, an hana ni shiga."

"Wa ya hana ka?"

"Sabon mai gida. Ya ce da katangar ya sayi gidan. Siminti zai shafa mata, in an kwana biyu ya ɗora bene a kai."

"Bene? A kan ginin ubana? Shi wa ya gaya masa ana ɗora wa tsoho kaya?"

Magana ta kai gaban mai unguwa, kuma a nan aka fara ɓata mini rai. An zauna a zaure bayan la'asar, mai unguwa da Alhaji Mamuda da Bukar da dattawa uku. An kira kowa sai mai ɗakin. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin dariyarsu. Da suka shafa fatiha Bukar ya shigo yana murmushi kamar wanda ya kawo mini tsaraba.

"Yaya, an yi sulhu."

"Da wa?"

"Da mu mana. Alhaji zai shafe ɓangarensa da siminti, ba za ki kashe komai ba. Maganar bene kuma an bar ta sai gaba."

"Ku su wa? Ɗakinka ne, Bukar? Ranar da simintinsa ya hau bangon nan, duk Koki za ta ce nasa ne, kai ma ka sani. Ni an tambaye ni?"

"Ai ni ne bakinki, Yaya."

"Nawa bakin ciwo yake yi?"

Lokacin rediyo ba ta da magana sai ta 'yanci. Motoci masu lasifika suna yawo, kowa yana cewa zamanin tsawa ya wuce, talaka da mai kuɗi, mace da namiji, duk wanda aka taɓa haƙƙinsa ƙofar kotu a buɗe take. Ni ban yi boko ba, amma kunnena lafiya lau. Na yafa mayafina na tafi kotun alƙali da ƙafata. Bukar ya biyo ni har bakin titi yana roƙon in bar shi ya zama wakilina, wai 'yar Malam Kyari ba ta zaman benci da ɓarayin awaki. Na ce masa wakilcin da ya yi mini a zaure ya ishe ni har in mutu.

Ban taɓa ganin taro irin na harabar kotun nan ba sai a filin idi. Masu rikicin gona, masu neman saki, masu gado, waɗanda aka kama da faɗa a wurin taron siyasa, har da wani tsoho da ya zo da jakinsa domin jakin ne ake shari'a a kai. Benci huɗu ne a baranda, sauran mutane a ƙasa ƙarƙashin darbejiya. Alƙali ɗaya ne, dattijo siriri mai tabarau, kuma duk abin da aka faɗa a gabansa da hannunsa yake rubutawa, kalma bayan kalma. In kana magana sai ya ɗaga alƙalami ya ce ka dakata, ya rubuta, sannan ka ci gaba. Da aka kira mu, ni da Alhaji Mamuda, ya ji kan maganar kawai ya cire tabarau ya murza ido.

"Malama Yagana, kin ga mutanen da ke waje?"

"Na gan su, Allah ya gafarta Malam. A cikinsu na yini."

"Akwai wanda ɗansa ke tsare, akwai marayun da ba a raba musu gado ba. Ke kuma yaɓen katanga. Ku koma wurin mai unguwa ku daidaita, ku maƙwabta ne."

"Daga can nake. An daidaita ba da ni ba. Allah ya gafarta Malam, in kotun nan ta manyan maganganu ce kaɗai, a rubuta a ƙofa, a sa wani ya karanta mini, in koma gida. In kuma ta kowa ce, to ni ma kowa ce."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya mayar da tabarau ya ce an karɓi ƙara, amma ba zai yanke hukunci a kan katangar da bai gani ba, sai ya zo da kansa. A nan ne na yi kuskuren da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Ni na buɗe baki, ba wanda ya sa ni. Na ce a hana Alhaji taɓa bangon kafin ranar, domin na san buhunan siminti suna jibge a zaurensa. Alƙali ya gyaɗa kai ya rubuta, ya karanta mana: kada kowa ya taɓa katangar nan, shi da ni, ko wanda ɗayanmu ya aiko, har kotu ta zo ta gani. Ya tambaye mu ko mun yarda, na riga Alhaji amsawa. Na fito ina taku ɗai-ɗai, saura kaɗan in rangaɗa guɗa a bakin titi. Shi alƙali ban ga laifinsa ba, a gidan gwamnati na bulo yake kwana, a wurinsa katanga in an bar ta tana nan yadda take. Amma ni? Ni da aka haifa a ɗakin ƙasa?

Da na gaya wa Tanko, bai taya ni murna ba. Ya ajiye goron da yake shirin ɓarawa.

"Kada kowa ya taɓa? Har ni?"

"Na 'yan kwanaki ne. Ya ce zai zo."

"Yagana, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Shi ruwan sama an kai masa sammacin?"

Ranar farko da aka sa, mun share gida, na dama fura, na shimfiɗa tabarma a zaure. Har azahar shiru. Da yamma masinja ya zo a keke ya ce motar kotu ta lalace, an ɗaga. Rana ta biyu aka ce alƙali yana da shari'ar gado mai mutum talatin, an ɗaga. Ta uku ta faɗa ranar zaɓe. Kuma kada ku zaci in an ɗaga sai a aiko maka da sabuwar rana gida. A'a. Sai ka je da kanka, ka zauna tun safe, a kira sunanka, ka shiga, ka tsaya, a gaya maka ranar da za ka sake dawowa a gaya maka wata ranar. Daminar farko ta zo ta wuce a haka. Bangon ya jure, Allah ya ji ƙan ubana, ya san gini. Sai dai makubar sama ta wanke, wata tsaga siririya ta fito daga kusurwa, in na kwanta ina kallonta.

Da farar hula suka hau, na ɗauka abin zai yi sauƙi. Sai ya zama kamar an buɗe bakin kwata. Duk wanda ya haɗiye magana shekara da shekaru don tsoron soja ya fito da ita. Benci huɗun nan ba a ƙara ko ɗaya ba, alƙali bai zama biyu ba, hannunsa bai ƙara sauri ba. Alhaji Mamuda kuma ya ɗauko lauya, wani saurayi mai baƙar kwat cikin zafin Kano, wanda aikinsa ɗaya ne, ya tashi ya ce bai shirya ba. Wata rana lauya yana wata kotun. Wata rana Alhaji ya tafi Legas sarin kaya. Wata rana an nemi fayil ɗinmu an rasa, sai bayan mako biyu aka same shi a ƙarƙashin na mai jaki. Rajistara, magatakardan kotun, ya san ni har ya daina kiran sunana, sai ya leƙo ya ce, "Mai katanga tana nan?" Mutanen baranda su kwashe da dariya. Na bar su. Na koyi zuwa da tabarmata da butata da zaren saƙa, huluna nawa na gama a wurin ban ƙirga ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk zuwan nan ba a taɓa barina na faɗi maganata daga farko zuwa ƙarshe ba. Na shirya ta tsaf a kaina, ina maimaita ta a hanya, ina komawa gida da ita.

A bencin nan na san Asabe. Daga wani ƙauye take zuwa, bayan Bichi, tun asuba take fitowa a motar itace. An kama ɗanta a wani faɗa da aka yi a kasuwarsu, ita ta ce rabo ya shiga yi, ni dai ban gani ba. Wata biyar yana tsare ba a ko ji maganar belinsa ba. Kullum sai a kawo shi a mota da sauran, ya yini a ɗan ɗakin bayan kotu, lokaci ya ƙure, a mayar da shi. Ita kuma ta koma da tuwon da ta ƙullo masa. Mace ce mai kuka, ni kuwa ba na son mai kuka kusa da ni, yana hana ni tunani. Amma wuri ɗaya muke samu, sai muka saba. Ita ce ta taɓa tambayata, ba da mugunta ba, wai duk zaryar nan a kan bango nake yi? Na ce mata e. Ta koma kan ƙullin tuwonta. Tambayar nan ta bi ni har gida.

Bazara ta biyu ta kama, tsagar ta kai faɗin yatsa biyu. Na sami rajistara na ce a ba ni izini Tanko ya yi yaɓe kawai, ba don mallaka ba, don kada ɗaki ya faɗi. Ya ce umarnin kotu sai kotu ce ke sassauta shi, kuma sai ɓangare biyu suna tsaye. Wato neman izinin ma shari'a ce mai zaman kanta. Na ce to a sa rana. Aka sa. Kuma ranar, ikon Allah, kowa ya zo. Alhaji yana nan, mai baƙar kwat yana nan, fayil yana kan tebur, na gan shi da idona. Sai dai wata shari'ar fili ta cinye safiya duka. Ana saura kaɗan azahar rajistara ya fito baranda.

"Malam yana da taro bayan salla. Ƙara ɗaya za a ƙara ji yau. Mai katanga, ke ce a layi, taso."

Na miƙe. Asabe ba ta roƙe ni ba, da ta roƙe ni ma da na ji sauƙin ƙi. Kawai ta jawo ƙullin tuwonta ta fara ɗaure bakinsa, hawaye na zuba a kai. Ta taga ina hango ɗan nata a ɗakin baya, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Na shiga, na tsaya gaban alƙali, maganar da na shekara ina shiryawa tana bakina. Abin da ya fito daban.

"Allah ya gafarta Malam, akwai wata mata a waje, ɗanta wata biyar a tsare. A ji nasu."

"Kin san abin da kike faɗa? In na ɗaga taki, ba ni da rana sai bayan ƙaramar Salla."

"Bayan Salla tsakiyar damina ce."

"Na sani. Littafin ne ba shi da wuri, duba da kanki."

Ya juyo mini da littafin, ni da ban iya karatu ba. Amma baƙin tawada na gani, shafi bayan shafi, babu inda farin takarda ya rage. Na ce a ji nasu. Kada ku ɗauka da farin ciki na faɗa, ko don a ce mini mai kirki. Da haushi na faɗa, haushin alƙali, da na Asabe, da na duk wanda ya tsara abin yadda sai mace ta zaɓa tsakanin ɗakin ubanta da ɗan wata. Aka ba yaron beli kafin a kira salla, abin bai ɗauki lokacin dafa shayi ba. Asabe ta durƙusa za ta kama ƙafata, na ce ta tashi ta ba ni wuri, tana ɓata mini zane.

Daga nan aka yi ta kawo mini hanyoyi. Tanko ya ce zai hau ta rufin ɗakina da rana tsaka lokacin da Alhaji ke kasuwa, ya zura tsani ta baya, ya toshe tsagar, ba wanda zai sani. Na ce a Koki? Inda in ka yi atishawa, can unguwar Dukawuya ake yi maka barka? Kuma ni na amsa a gaban alƙali da bakina, ba zan zama wadda aka kama tana satar yaɓe ba. Sai Bukar ya zo da nasa saƙon, ya zauna a bakin ƙofa yana juya hula.

"Yaya, Alhaji ya ce shi ma ba ya son ɗakin ya faɗo masa a gida. Ki janye ƙara, gobe Tanko ya shiga. Shi zai sallami Tanko, shi zai kawo ƙasa."

"Shi zai sallame shi?"

"To mene ne a ciki?"

"Kai ma ka san abin da ke ciki. Wanda ya yaɓe, shi ne mai ita. In tsira da ɗaki, bango ya zama nasa, baɗi ya ɗora bene ya danne mini azara?"

"In ya faɗi fa? Me kika tsira da shi?"

Na dai ce ba zan janye ba. Wannan shi ne abin da kuke kira taurin kai, kuma a nan kaɗai na yarda kuna da 'yar magana.

Cikin azumi aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A rana ta biyu Tanko ya zo ya kara kunnensa a bango, ya ƙwanƙwasa, ya ce a fitar da kaya yanzu. Muka kwashe gado da akwatuna da kwanukan uwata zuwa ɗakin Bukar. Rana ta uku bayan la'asar, ina bakin murhu ina dama kunun buɗa baki, na ji wani nishi kamar na saniya za ta kwanta. Ban ma juya da sauri ba, na san ko mene ne. Bangon ya zauna, azara ta bi shi, bakan nan biyu suka karye a tsakiya. Rabin ƙasar ya zuba cikin gidan Alhaji ya danne masa madafa da randuna. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Na ci gaba da dama kununa, domin in na tsaya zai yi gudaji, kuma mutane suna azumi.

Mako uku bayan Salla, motar kotu ta tsaya a ƙofar gidanmu. Alƙali ya fito yana tattare riga, da rajistara da littafi, da Alhaji da mai baƙar kwat, unguwa duka ta biyo su. Ya tsaya a kan tarin ƙasa.

"Ina katangar?"

"Kana kanta, Allah ya gafarta Malam."

Tanko ne ya gama shari'ar, ba lauya ba. Ya sa fartanya ya tone gindin, ya nuna wa alƙali yadda tubalan bangon suka saƙu da na sauran bangayen ɗakina, hannu ɗaya, ƙasa ɗaya, rana ɗaya aka ɗora su. Ya nuna kawunan azara da ke cikin bangon, duka daga ɓangarena suka shiga. Abin da ba a iya gani sai da ɗakin ya faɗi. Mai baƙar kwat ya duba, a karo na farko bai ce bai shirya ba. Alƙali ya rubuta a tsaye, ya karanta: katanga ta Yagana 'yar Malam Kyari ce. Ya rufe littafi, ya juya zai tafi, sai kuma ya tsaya, ina jin kunya ce ta kama shi.

"Malama Yagana, ko kina da abin cewa?"

Direba yana ta danna ham a waje. Rajistara ya matso ya raɗa masa cewa mutane sun cika baranda tun safe. Na ji shi sarai. Na san barandar, na san benci huɗun, na san akwai wata Asaben a kai da ƙullin tuwo. Na ce, "Ina da shi. Na ba da layina sau ɗaya, ga abin da ya ci mini. Yau sai na gama." Na hau kan ƙasar ubana na fara tun daga ranar da ya sauke kanwa a Kano. Na faɗi wanda ya haƙo ƙasar da inda aka sayo azara, da haihuwata, da rasuwar uwata, da fura da goro, da zaman zauren da aka yi ba da ni ba, da kowace ranar da aka ɗaga, ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba. Alƙali bai rubuta ba, bai kuma katse ni ba. Sai da ladan ya kira azahar na kai aya. Washegari na ji cewa duk wanda ya zauna a barandar ranar an ɗaga masa. Wannan nauyin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba, kuma shi nake nema wa gafara, ba ɗakin ba.

Alƙalin ya rasu da daɗewa, Allah ya ji ƙansa, mutum ɗaya ne aka ba aikin mutum goma. Bukar ya rasu, Tanko ya rasu, kuma tun kafin ya rasu ya gaya mini ba sauran mai iya ɗaura baka irin ta ubana, shi ya sa kuka tashi kuka ga ɗakin bulo da kwano a wurin, wanda nake gasuwa a ciki kowace bazara. Asabe ban sake ganinta ba, ban san ko tana raye ba. Rajistara an ce yana nan a Dukawuya, ido ya tafi. Daga waɗanda suka tsaya a kan ƙasar nan ranar, saura ni da Alhaji Mamuda a unguwar nan. Bai ɗora benen ba. Ya kurumce, yana zama a ƙofar gida da carbi, in na fito yakan ɗaga hannu ya ce, "Mai katanga, an fito?"

Ni kuma in ce masa, da ƙarfi yadda zai ji, "Ita ce."